Tsibirin Idra na Ƙasar Girka: Yanayin Ƙasa, Tarihi da Yawon Buɗe Ido

Tsibiri shi ne yankin ƙasa wanda ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, ta yadda galibi mazaunansa ba su da hanyar fita ko ta shigo da kaya sai ta jirgi. Ƙasar Girka, wadda ke kudu maso gabashin nahiyar Turai a bakin Bahar Rum, tana da tsibirai manya da ƙanana kusan 6,000, amma waɗanda mutane ke zaune a cikinsu 227 ne kawai, sauran kuwa duwatsu ne da babu mai kwana a kansu sai tsuntsayen teku. Wannan darasi ya ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan, wato Idra, wanda a taswirar Turawa ake rubuta sunansa Hydra, domin a tarihinsa ana iya ganin yadda yanayin ƙasa ke zaɓa wa al'umma sana'a, da yadda sana'ar kan ɗaga ta sama a wani zamani ta kuma sauke ta a wani. Mazauna tsibirin a yau ba su wuce mutum 2,000 da ɗoriya ba, amma daga cikin zuriyarsu Girka ta sami firaministoci biyar da shugaban ƙasa guda, kuma jiragen kakanninsu suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin yaƙin teku a lokacin da Girkawa ke neman 'yancin kai.

Yanayin ƙasa

Idra yana kudu da Atina, babban birnin Girka, a cikin rukunin tsibiran da ake kira na Saronik, tare da Salamina da Egina da Poros da Spetses. Daga Pireyas, wato tashar jiragen ruwan Atina, tafiyar kimanin kilomita 70 ce, kuma jirgi mai gudu kan yi ta cikin sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu. Wani siririn mashigin teku, wanda faɗinsa bai kai kilomita 10 ba, shi ne ya raba tsibirin da yankin Peloponisa, wato babban ɓangaren kudancin ƙasar Girka. Siffar tsibirin kamar ta dogon tudu ce da ya ɓullo daga cikin ruwa, tsawonsa ya kusa kilomita 20, girmansa gaba ɗaya kimanin murabba'in kilomita 50, kuma ƙololuwarsa, dutsen Eros, ta kai mita 590 ko kusa da haka daga saman teku. Gaɓar kudu tana fuskantar buɗaɗɗen teku, duwatsunta a miƙe suke kamar bango, don haka kusan babu mai zama a can. Gaɓar arewa ce ke fuskantar Peloponisa, inda ruwa ya fi kwanciya, kuma a nan ne garin Idra yake, tare da 'yan ƙananan unguwannin bakin ruwa irin su Kamini da Blihos da Mandraki.

Garin an gina shi ne a jikin tudun da ya kewaye wata 'yar tashar jiragen ruwa mai siffar kofaton doki, gidaje na hawa bisa juna daga bakin ruwa har zuwa sama, kuma galibin hanyoyinsa lunguna ne masu matakala da aka daɓe da duwatsu. Wannan tsarin gini yana da muhimmanci ga abin da zai zo a ƙarshen darasi, domin hanyar da aka yi ta don ƙafar mutum da kofaton dabba ba ta karɓar mota ko da doka ta yarda.

Yanayin samaniyar wurin irin na Bahar Rum ne, wanda ya saɓa wa abin da manomin ƙasar Hausa ya saba da shi, domin a can ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, tsakanin watan Nuwamba da na Maris, yayin da watannin zafi, daga Yuni zuwa Satumba, kan wuce kusan babu ko ɗigo. Ko a cikin Girka, Idra yana cikin wuraren da ruwan sama ya fi ƙaranci, ga shi kuma ƙasar noma kaɗan ce ƙwarai, ba ta wuce 'yan filaye a tsakanin duwatsu ba, inda ake samun zaitun da almon da ɗan kiwon awaki. Sunan tsibirin ya samo asali ne daga kalmar tsohon Girkanci mai ma'anar ruwa, saboda maɓuɓɓugan da aka san shi da su a zamanin da, amma yawancinsu sun ƙafe, abin da ya rage shi ne 'yan rijiyoyi, irin na unguwar da ake kira Kala Pigadiya, wato rijiyoyi masu kyau. Saboda haka magina na da ba sa gina gida sai sun haƙa masa matattarar ruwa a ƙarƙashi, wadda Girkawa ke kira sterna, an shafe cikinta don kada ta yi yoyo, an kuma haɗa ta da indararon rufi, ta yadda ruwan da ya sauka a lokacin sanyi zai kai iyali har ƙarshen zafi idan an yi tattali. Da jama'a da baƙi suka fi ƙarfin wannan dabara, sai aka koma sayo ruwa daga Peloponisa a cikin jirgin dakon ruwa, sa'annan daga baya aka kafa injin da ke tace gishiri daga ruwan teku.

Yadda aka zauna tsibirin

A zamanin daular Girkawa ta da, lokacin da birane irin su Atina da Sparta ke tashe, Idra bai yi suna ba. Masanin tarihi Herodotus ya ambace shi a taƙaice, inda ya nuna cewa wasu 'yan gudun hijira daga tsibirin Samos sun saye shi daga hannun mutanen garin Hermiyoni a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, sa'annan suka damƙa shi amana ga mutanen Troizen. Abin da ya fi wannan tsufa yana ƙarƙashin ruwa ne, kusa da ɗan tsibirin Dokos da ke maƙwabtaka da Idra, inda a shekarar 1975 aka gano kayan wani jirgi da ya nutse fiye da shekara 4,000 da suka wuce, wanda masana ke lissafawa cikin mafiya tsufan tarkacen jirage da aka taɓa samu a duniya.

Al'ummar da ta gina garin da ake gani a yau ta fara taruwa ne daga ƙarni na 15, bayan da Daular Usmaniyya ta ci yankin Peloponisa a shekarar 1460. A nan wajibi ne ɗalibi ya lura cewa daular da ake nufi ita ce ta Turkawa, mai hedikwata a Santambul, wadda ta ɗauki sunan wanda ya kafa ta, Sarki Usman na ɗaya, ba Daular Usmaniyya ta Sakkwato ba, wadda ta zo bayanta da shekaru ɗaruruwa. Yawancin waɗanda suka ƙetaro zuwa tsibirin Arbanitawa ne, wato Kiristoci mabiya ɗariƙar Otodoks masu magana da wani karin harshen Albaniya, harshen da aka ci gaba da jin sa a bakin mutanen Idra har cikin ƙarni na 20. Makiyaya ne da manoma, ba su san teku ba, kuma tsoron 'yan fashin teku ya sa suka kafa matsuguninsu na farko a Kiyafa, can saman tudu, inda za su hango jirgi tun daga nesa. Rashin albarkar ƙasar da ya sa masu mulki ba su damu da wurin ba shi ne ya ba su mafaka, amma kuma shi ne ya hana su ƙoshi, musamman da sababbin 'yan gudun hijira suka riƙa ƙaruwa a duk lokacin da aka gwabza yaƙi tsakanin Turkawa da mutanen Venis a kan Peloponisa. Tilas, in ji Hausawa, ba ta rasa ɗakin kwana, don haka daga tsakiyar ƙarni na 17 jikokin makiyaya suka fara sassaƙa jirage suna dakon kaya zuwa tsibiran da ke kusa.

Arzikin teku

Abubuwa uku ne suka haɗu suka mayar da wannan ƙaramar sana'a babban fatauci. Na farko shi ne irin zaman da tsibirin ya yi a ƙarƙashin Turkawa, domin an sanya shi ne a hannun Kapudan Pasha, wato babban kwamandan jiragen yaƙin Sarkin Santambul, wanda abin da yake bukata daga Idra shi ne haraji da kuma matuƙan da za su yi aiki a jiragensa. Muddin an ba da waɗannan, ana barin dattawan garin su gudanar da al'amuransu, babu sojan Turkawa da ke zaune a cikinsu, kuma ko gwamnan da aka naɗa musu a 1802, Georgios Voulgaris, ɗan tsibirin ne da ya yi aiki a rundunar ruwan Turkawa. Na biyu shi ne yarjejeniyar Kucuk Kainarja ta shekarar 1774, wadda ta kawo ƙarshen wani yaƙi tsakanin Rasha da Turkawa, ta kuma buɗe Bahar Aswad ga jiragen kasuwancin Rasha, abin da ya ba jiragen Girkawa damar ɗaga tutar Rasha su shiga su ɗauko alkamar da ake nomawa a filayen da yanzu suke cikin Yukiren da kudancin Rasha.

Na uku, wanda ya fi sauran tasiri, shi ne yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan juyin juya halin Faransa na 1789 har zuwa faɗuwar Napoleon a 1815. A cikin waɗannan shekaru jiragen yaƙin Ingila sun riƙa yi wa tashoshin Faransa da na ƙawayenta ƙawanya don hana abinci shiga, jiragen kasuwancin Faransa suka ɓace daga Bahar Rum, farashin alkama ya yi tashin gwauron zabo a biranen da aka tsare. Matuƙan Idra, da na tsibiran Spetses da Psara, sai suka shiga sana'ar keta wannan ƙawanya, suna kai alkama tashoshin Faransa da Sifaniya a kan farashin da ya ninka abin da suka saya. Jiragen zamanin ba su da inji, iska ce ke tura su ta hanyar manyan ƙyallaye masu kauri da ake ɗaurawa a dogayen sanduna, saboda haka tsere wa jirgin yaƙi yana bukatar jirgi marar nauyi da matuƙan da suka san halin iska. Haka nan kuma, saboda 'yan fashin da ke fitowa daga gaɓar arewacin Afirka, an saba ɗora wa kowane jirgin fatauci igwa, wato manyan bindigogi, kuma ma'aikatansa sun iya harba su.

Tsarin da suka bi wajen haɗa jari ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya bayyana ƙwazonsu. Kafin jirgi ya tashi, attajirai kan haɗa kuɗin sayen kaya, wanda ake kira sermagiya, kalmar da aka aro daga Turkanci mai nufin jari, kuma idan an dawo ana fitar da uwar kuɗi da abin da aka kashe, sa'annan a raba riba tsakanin masu jari da masu jirgi da ma'aikata. Ma'aikacin jirgi ba ɗan ƙodago ba ne mai jiran albashi, abokin tarayya ne mai kaso, wanda samunsa ke ƙaruwa idan tafiya ta yi sauri kuma kaya suka isa lafiya. Amfanin wannan tsari a bayyane yake, amma yana da illa guda, wato idan ciniki ya tsaya, babu abin da zai shiga hannun talaka ko kaɗan, alhali attajiri yana da abin da ya tara.

A farkon ƙarni na 19 Idra ya mallaki manyan jirage fiye da 100, kuma jama'arsa sun haura 15,000, a kan dutsen da ba ya iya ciyar da wannan adadi daga gonakinsa. A wannan zamani ne iyalai irin su Kountouriotis da Tombazis da Tsamados da Voulgaris suka gina manyan gidajen dutse masu hawa uku da huɗu, waɗanda ake kira arhontika, wato gidajen manya, kuma su ne har yanzu suke fara ɗaukar idon wanda jirginsa ke shiga tashar.

Yaƙin 1821 da abin da ya biyo baya

Da zaman lafiya ya dawo Turai a 1815, jiragen sauran ƙasashe suka koma bakin aiki, farashin alkama ya faɗi, dubban matuƙan Idra suka zauna babu abin yi. A cikin wannan hali ne labari ya iso a watan Maris na 1821 cewa Girkawan Peloponisa sun yi wa Turkawa tawaye. Attajiran tsibirin ba su yi gaggawar shiga ba, kuma dalilinsu ba ɓoyayye ba ne, domin suna da 'yancin gudanar da garinsu da dukiya mai yawa da za su iya rasawa. Wani kyaftin mai suna Antonis Oikonomou ne ya tara matuƙa marasa aiki ya karɓe ikon garin, ya tilasta wa manya fito da kuɗi da jirage, kuma a watan Afrilu tsibirin ya shiga yaƙin a hukumance. Ba a daɗe ba manyan suka ƙwace iko daga hannunsa, aka kore shi daga tsibirin, aka kuma kashe shi a Peloponisa kafin shekarar ta ƙare. Adalcin tarihi yana bukatar a ambaci sunansa tare da na attajiran da gidajensu suka zama wuraren ziyara, domin ba don yunƙurin talakawan da ya jagoranta ba, da shigar Idra yaƙin ta yi jinkiri a lokacin da jinkiri ke da haɗari.

Bayan sun shiga, manyan ba su ja da baya ba. Lazaros Kountouriotis, wanda ya fi kowa dukiya a tsibirin, ya kashe kaso mai yawa na abin da ya mallaka wajen ɗaukar nauyin jirage, ƙaninsa Georgios ya shugabanci gwamnatin 'yan tawaye daga 1824, kuma Andreas Miaoulis ya zama babban kwamandan jiragen Girkawa. Da yake jiragen fatauci ba za su iya karawa gaba da gaba da manyan jiragen yaƙin Turkawa ba, sai Girkawa suka dogara da dabarar jirgin gobara, wato tsohon jirgi da ake cikawa da albarushi da kwalta da sauran abubuwa masu kama wuta, 'yan mutane kaɗan su tuƙa shi har su maƙala shi a jikin jirgin abokan gaba, su cinna masa wuta, su tsere a ƙaramin kwalekwale. Da wannan dabara Miaoulis ya tare haɗaɗɗiyar rundunar Turkawa da Misirawa a yaƙin Gerontas na shekarar 1824. Yaƙin bai rasa ta'asa daga ɓangarorin biyu ba: Turkawa sun hallaka jama'ar tsibirin Kiyos a 1822 da na Psara a 1824, Girkawa sun yi wa Musulmin garin Tripolitsa kisan gilla a 1821, kuma a Idra kansa an kashe fursunonin yaƙi Turkawa masu yawa a 1825. Abin da ya yanke hukunci a ƙarshe shi ne yaƙin Navarino na 1827, inda jiragen Ingila da Faransa da Rasha suka ragargaza rundunar Turkawa da Misirawa, kuma a 1830 manyan ƙasashen suka amince da Girka a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta.

'Yancin da Idra ya yi yaƙi dominsa bai dawo masa da arzikinsa ba. Jirage da yawa sun lalace, jari ya ƙare, kuma sabuwar gwamnati ƙarƙashin Ioannis Kapodistrias ba ta da kuɗin biyan diyyar da masu jirage suka nema, ba ta kuma yarda tsibirin ya ci gaba da mulkin kansa kamar yadda ya saba ba. Rikicin ya yi tsanani har a 1831 Miaoulis ya ƙone babban jirgin yaƙin ƙasar mai suna Hellas a tashar Poros don kada ya koma hannun gwamnati. Cibiyar kasuwanci ta koma tsibirin Siros, daga baya kuma Pireyas, sa'annan jirage masu injin tururi suka fara maye gurbin masu tafiya da iska, canjin da ke bukatar jarin da mutanen Idra ba su da shi kuma. Iyalai da dama suka yi ƙaura zuwa Pireyas da Atina, inda 'ya'yansu suka yi fice a siyasa da aikin sojan ruwa. Fitaccensu shi ne Pavlos Kountouriotis, wanda ya jagoranci rundunar ruwan Girka a yaƙin Balkan na 1912 zuwa 1913, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1924.

Waɗanda suka rage sun koma sana'ar ciro soson teku, wato wata halitta mai laushi da ramuka da ke manne a ƙasan teku, wadda ake busarwa a sayar don wanka da goge-goge. Jiragensu kan tashi bayan bikin Ista su nufi gaɓar Libiya da Tunisiya da Masar, ba sa dawowa sai bayan wata shida. Rigar nutso mai hular ƙarfe da bututun iska, wadda ta shigo a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, ta ba mai nutso damar daɗewa a zurfi, amma ta kawo wata cuta da ke kama wanda ya taso sama da gaggawa, domin iskar da ta narke a jininsa saboda nauyin ruwa takan zama kumfa ta toshe hanyoyin jini, ta shanye ƙafafu ko ta kashe nan take. Samari da yawa sun mutu ko sun nakasa ta wannan hanya. Sana'ar ta durƙushe a ƙarni na 20 sakamakon hana baƙi shiga ruwan wasu ƙasashen da kuma fitowar soson roba, sa'annan yunwar da ta afka wa Girka a lokacin mamayar Jamus da Italiya a Yaƙin Duniya na Biyu ta ƙara rage jama'a, har suka koma ƙasa da 3,000.

Yawon buɗe ido

Yawon buɗe ido shi ne tafiyar da mutum kan yi zuwa wani wuri na ɗan lokaci don hutu ko kallo ko ƙarin sani, kuma yana zama sana'a ga mutanen wurin idan baƙon ya biya kuɗin masauki da abinci da sufuri. Abin da Idra ke da shi na nunawa talauci ne ya adana masa shi, domin a cikin shekaru ɗari da ɗoriya da garin ya yi babu kuɗi, ba a sami mai rushe tsohon gida ya gina sabo ba, don haka ya iso tsakiyar ƙarni na 20 kusan yadda attajiran alkama suka bar shi. Masu zane da marubuta ne suka fara gane darajar wannan. Makarantar koyon zane ta Atina ta buɗe reshe a gidan Tombazis a 1936, mai zane Nikos Hadjikyriakos-Ghikas ya riƙa saukar baƙi a gidan kakanninsa, cikinsu har da marubucin Amurka Henry Miller a 1939, kuma marubutan Ostireliya George Johnston da Charmian Clift sun zauna a garin daga tsakiyar shekarun 1950. Fim ɗin Amurka mai suna Boy on a Dolphin, wanda Sophia Loren ta fito a ciki a 1957, shi ne ya nuna wa duniya tashar garin, sa'annan a 1960 mawaƙin Kanada Leonard Cohen ya sayi gida a can a kan dala 1,500.

Tun daga wancan lokaci hukumomin Girka suka sanya garin cikin wuraren tarihi da doka ta kare, ta yadda ba a gini ko gyara sai bisa tsohon fasali, kuma aka hana amfani da mota da babur da keke, in ban da 'yan motocin hukuma irin na kwasar shara da na agajin gaggawa. Duk abin da jirgi ya sauke a tashar, daga buhun siminti zuwa firiji da akwatunan baƙi, alfadarai da jakuna da ƙananan dawaki ne ke hawa da shi matakala, ko kuma a tura shi a kura inda hanya ta miƙe, yayin da zirga-zirga tsakanin unguwannin bakin ruwa ke gudana da ƙafa ko a ƙananan jiragen haya. Alfadari, wato ɗan da jaki ya haifa da goɗiya, shi aka fi dogara da shi saboda ya fi jaki ƙarfi kuma ya fi doki haƙuri a kan dutse. Masu waɗannan dabbobi suna da matsayi a tattalin arzikin garin kamar na direbobi a wani wuri, kuma tun 2018 gwamnatin Girka ta ƙayyade cewa kayan da za a ɗora wa dabbar aiki kada su wuce kilo 100 ko kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinta.

Baƙon da ya sauka yana iya ziyartar gidan adana kayan tarihi da ke bakin tasha, inda aka ajiye takardun zamanin fatauci da makamai da kuma zuciyar Miaoulis a cikin tulun azurfa, ko ya hau zuwa gidan Lazaros Kountouriotis, wanda shi ma ya zama gidan tarihi. Mai ƙarfin ƙafa kan hau tudu zuwa gidan zuhudu na Annabi Iliya, wato mazaunin Kiristocin da suka keɓe kansu don ibada, inda aka tsare jarumin yaƙi Theodoros Kolokotronis a 1825 lokacin da 'yan tawaye suka yi rikici a tsakaninsu. Gidan Tsamados kuwa makarantar horar da kyaftin-kyaftin na jiragen kasuwanci ce, wadda mutanen tsibirin ke danganta asalinta da shekarar 1749. A ƙarshen watan Yuni ake bikin Miaoulia, wanda ake rufewa da ƙona jirgi a kan ruwa don tunawa da jiragen gobara, kuma ranar Juma'ar da ke gabanin Ista mutanen Kamini kan shiga cikin teku ɗauke da makarar da ke wakiltar jana'izar Almasihu a aƙidarsu, don neman albarka ga masu aikin ruwa. Tsibirin ba shi da faffaɗan bakin teku mai yashi, masu iyo suna shiga ruwa ne daga kan duwatsu ko daga 'yan wurare masu tsakuwa, kuma wannan rashi ya taimaka wajen kare shi daga manyan otal-otal da suka cika wasu tsibiran.

Sana'ar ta dawo da kuɗi, ta kuma tsayar da ƙaurar da ta kusa mayar da garin kufai, amma tana da nata nauyin. Aikinta na rabin shekara ne, daga Afrilu zuwa Oktoba, bayan haka yawancin masaukai da gidajen abinci kan rufe. Da yawa daga cikin baƙin na yini guda ne, waɗanda jirgi ke zagayawa da su Idra da Poros da Egina tsakanin safe da yamma, su cika bakin tasha na ɗan lokaci ba tare da sun kashe abin kirki ba. Tsofaffin gidaje sun yi tsadar da sai mai hali daga Atina ko ƙasashen waje ke iya saya, kuma da yake doka ta taƙaita sabon gini, samun wurin zama yana yi wa matasan garin da ma'aikata wuya. Kayan masarufi ma sun fi na Atina tsada, tunda sai sun hau jirgi sun kuma hau dabba kafin su isa gida. Fiye da duka akwai matsalar da tsibirin ya fara da ita, domin baƙi sun fi yawa ne daidai watannin da ba a ruwan sama, lokacin da bukatar ruwan sha da na wanka ke ninkawa kuma ciyayi ke bushewa ƙayau. A watan Yuni na 2024 gobara ta cinye wani ɓangare na ɗan dajin da ya rage a yankin Bisti, a ƙarshen yammacin tsibirin, kuma hukumomi sun zargi wasan tartsatsin wuta da aka harba daga wani jirgin shaƙatawa da haddasa ta. Da yake babu hanyar mota zuwa wurin, sai ta ruwa da ta sama masu kashe gobara suka iya kai ɗauki.

Aikin ɗalibi

Ana son ɗalibi ya nemi taswirar Bahar Rum ya bi da yatsa hanyar da jirgin alkama ke bi a wajen shekarar 1805, daga tashar Odesa a bakin Bahar Aswad, ta mashigin da ya ratsa Santambul, ya gangaro ta gefen Idra, ya kewaye kudancin Peloponisa, ya wuce Sisili har zuwa Marsai a Faransa, sa'annan ya rubuta sunayen ƙasashen da ke bakin wannan hanya a yau. Bayan haka ya tambayi dattawan garinsu yadda ake tanadin ruwa don rani kafin zuwan famfo, ya kwatanta abin da suka faɗa masa da dabarar sterna, ya kawo amsarsa a rubuce a zama na gaba.